Kawu Sale da Fentin Iska

Duk wanda ya san Kawu Sale mai fenti a unguwar Utaibiyya ya san ba ya zama a gidan mutum sai ya shinshina. Zai yi sallama, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga hanci, sannan ya yanke hukunci: "Iskar gidan nan ta kwana."

Ƙanen mahaifiyata ne. Shekarar da fuka ta tsananta wa 'yata Hauwa, kullum yana gidanmu. Idan ta fara jan numfashi da ƙyar sai in rasa inda zan sa kaina, likita kuwa cewa kawai yake mu kiyaye ƙura. Wata rana Kawu ya shigo da gwangwani. Wai sabon fenti ne, mai shagon ya ce yana tsotse muguwar iska daga ɗaki. Ya shafe bango. Da ya gama sai ya juya ga mukayyif, na'urar sanyaya ɗakinmu da ke manne a taga.

Maigidana Habibu ya ce, "Kawu, na bango ne fa."

"Daga bango iskar take fitowa?"

Kawu ya shafe ta, har ramukan da iskar ke bi.

Labari ya kai unguwar Mansur a karkace. Sai ga Hajiya Dije mai sayar da waina, tana magana ƙasa-ƙasa: "Malam Sale, an ce kana da fentin da ke korar iska. Iskokin gidana sun hana ni sakat, har kwanuka suke motsawa." Maimakon ya gyara mata, sai ya tambaye ta launin da take so. Bayan mako ta aiko masa da waina, wai sun tashi.

Na ce, "Kawu, ka san ba wannan iskar ake nufi ba."

Ya ce, "Jikin gwangwanin bai bambance ba."

Namu mukayyif kuwa tari ya fara, ya mutu ana tsakiyar zafi. Ranar ban yi dariya ba. Hauwa na kwance, ƙirjinta na fito, ina yi mata fifita da kwali. Da mai gyara ya buɗe na'urar, sai ga matatarta cike da ƙura da fumfuna, kamar ba a taɓa wanke ta ba. Abin da yarinyar take shaƙa ke nan. Aka sauya matatar, aka kankare fentin, numfashinta ya fara sauƙi.

Habibu ya ce, "To Kawu, yanzu fa?"

"Da ban kashe ta ba, wa zai buɗe ta?"

Shi ma a ƙarshe ƙirji ne ya kwantar da shi. Da muka je duba shi a asibiti, ya janye robar numfashin da ke hancinsa, ya yafito Hauwa. Ya ɗora kunnensa a bayanta, ya ce ta ja numfashi. Ya daɗe yana saurare, ni kuma ina tsaye ina jiran abin da zai ce, kamar shi ne likitan.

"Iskar tana wucewa," in ji shi. "Ki daina tsoro."

Ban daina duka ba, Kawu, amma ina ƙoƙari. Allah Ya yalwata maka kabarinka, Ya sanyaya maka shi.