Farar da Kaka Ba Ta Gani Ba

Idan ka taɓa zuba fara mai rai a gwangwani ka rufe bakinsa da tafin hannu, ka san ƙarar da nake nufi. Wani ɗan ƙas-ƙas ne, ƙafafu suna karce ƙarfe, sai a yi shiru, sai kuma a sake. Kwanan baya ina tsakar gida ina tsintar shinkafa na ji shi a bayana. Tun kafin in juya na san yara sun kamo fara, na kuma san wurina za su kawo ta, domin yanzu babu wanda ya girme ni a gidan nan. Har na fara murmushi. Da na ɗaga hannun jikata daga bakin gwangwanin na leƙa, sai murmushin ya tsaya.

Amma bari in fara gaya maka dalilin da ya sa ake kawo mini, don kada ka ɗauka wani ilimi gare ni. Aji shida na yi, aka cire ni.

A sabon gari aka haife ni, cikin gidajen sumintin nan da gwamnati ta gina wa mutanenmu lokacin da ruwan Kainji ya cinye gungunsu, wato tsibirin da suke zaune a tsakiyar kogi. Ni ban ga gungun ba. Kakata, wadda ta haifi babana, a can aka haife ta, a can ta yi furfura, sannan aka kwaso ta da tukwanenta aka kawo ta tudu. Da Hausa take mana magana, amma idan ranta ya ɓaci ko tana ƙirga kaji, sai ta koma harshen gungu. A gidanmu akwai doka guda da ban taɓa jin wanda ya kafa ta ba: yaro ba ya sa fara a wuta sai Kaka ta gani.

Bayan an yanke gero muke fita kamun fara, da sassafe, lokacin da raɓa ta jiƙa musu fiffike ba sa iya tashi. Har yau ina jin sanyin ciyawar a ƙafata, da ƙaiƙayin kara a hannu. Mu da 'ya'yan Kambarin da ke bayan unguwarmu muke tafiya, kowa da gwangwaninsa. Idan rana ta ɗan ɗaga sai mu dawo, mu tarar da Kaka a jikin bangon da ke fuskantar gabas tana shan hantsi, ta miƙe ƙafafu, faifai a cinya. Ɗaya bayan ɗaya take ɗauka, ta karya ƙafafun tsalle, ta ajiye dama ko ta jefa hagu. Na dama Inna ce take soya mana a kasko da gishiri da yajin ƙuli-ƙuli. Na hagu kaji ma ba duka suke ci ba.

Abu biyu take dubawa. Na farko launi. Wadda ta yi kalar ƙasa ko ta busasshiyar ciyawa, ta ci ce. Wadda ta sha kwalliya kamar mai zuwa biki, ba a taɓa ta. Na biyu kuma tambaya ce, kullum ita ce dai: “Ina kinka kamo ta?” Idan a kan gero ne, ko dawa, ko wake, ko shinkafa, to abin da muke ci take ci, babu laifi. Idan a kan tumfafiya ne, ko wani ganyen da akuya take kauce wa, sai hagu. Duk tsawon yarintata ban taɓa ganin waɗannan biyun sun saɓa wa juna ba. Mai kwalliya a kan tumfafiya ake samun ta. Mai kalar ƙasa tana cikin hatsi. Na ɗauka haka Allah ya shirya duniya, kowa da wurin zamansa.

Sai dai akwai wani abu na uku, wanda a lokacin muke ɗauka kwaɗayi ne. Wani lokaci takan riƙe wata fara ta daɗe, ta juya cikinta, ta kai hanci ta shinshina, sannan ta ce, “Wagga tawa ce.” Sai ta ƙulle ta a bakin zane. Yayana, wanda take kira mijinta don wasan jika, ba ya bari ta wuce.

“Tsohuwa, haƙori babu, amma kullum mai ƙibar taki ce.”

“Kai mai haƙora mi ka kawo? Ƙafa da fiffike. Miji ke nan, cefanensa bai cika cokali ba.”

Kowa ya yi dariya, a wuce wurin. Ni ce kawai abin yake tsaya wa a rai, domin tun ina ƙarama haka nake, komai sai na juya shi har ya dame ni. Na lura bayan 'yan kwanaki idan aka sake kawo irin wadda ta ƙulle, ba ta ƙara cewa tata ce. Ko ta ajiye dama, ko ta jefa hagu, ba tare da ta ce komai ba. Na tambayi Inna me ya sa. Ta ce, “Ke kin cika bin diddigi. Ci abinki.”

Akwai kuma wata rana da Kaka ba ta fito shan hantsi ba. Tana ɗaki tana amai, Inna tana dama mata kunun tsamiya, aka ce mana zazzaɓi ne. Bayan ta tashi, akwai wata koriyar fara mai tsinin kai da ba ta ko jefawa hagu, sai ta wurga ta bayan danga da ƙarfi. Ina so in yi gaskiya a nan. Ban tabbata wanne ya riga wani ba, rashin lafiyar ko wurgin. Yana yiwuwa ni ce na haɗa su yanzu da nake neman amsa. Allah ya yafe mini idan na ƙara wa mamaciya abin da ba ta yi ba.

To, wannan ita ce kujerar da na gada, ba don na cancanta ba, sai don sauran sun rigaye ni.

Abin da na gani a gwangwanin jikata, wadda bana ta shiga makaranta, fara ce kam, amma ba irin tamu ba. Jikinta rawaya da baƙi, kanta da ɗigon ja, fiffiken kore. Ba ta ko ƙoƙarin gudu. Da na ɗauke ta sai ta bar mini wani wari a yatsu, wanda sabulu bai fitar ba sai da na goga toka. Kuma ga shi rani ake ciki. A zamaninmu wa yake kamun fara da rani? Ba ganye, ba ita.

Bakina da kansa ya yi tambayar: “Ina kika kamo ta?”

“A lambun Baba. Sun cika kan rogo, Kaka, ko gudu ba sa yi. Ki ce mu gasa.”

Ɗana yana da lambu a bakin ruwa, inda tafki yake ja da baya, yana ba shi ruwa da inji. A da albasa kaɗai yake yi, 'yan shekarun nan ya ƙara rogo. Rogo abincinmu ne. Ke nan dama. Amma ga kwalliya kamar amarya. Ke nan hagu. Na tsaya da fara a hannu, dokokin Kaka biyu suna ja na, wannan nan, wancan can. Sai kuma na tuna shi rogon ma akwai irin da sai an jiƙa shi kafin a ci, in ba haka ba ya bugar da mutum. To wanne ta ci? Na ce wa yarinyar ta ba ni gwangwanin, su dakata tukuna.

Washegari bayan karatun Islamiyya na tsaya na tambayi malaminmu. Ya ce fara halal ce, babu saɓani a kai, matuƙar ba mai cutarwa ba ce. Na ce to ita wannan mai cutarwa ce? Ya yi dariya ya ce, “Hajiya, wannan kuma ai ku za mu tambaya.”

Ɗana ya nuna wa malamin gona, na kuwa bi shi don in ji da kunnena. Mutumin kirki ne, bai raina tambayata ba. Ya ce ya san ta, a kudu ta fi yawa, kuma ba ita kaɗai ba ce, masu bincike suna ta samun ƙwari a garuruwan da a da ba a san su ba. Ya ce wasu suna ganin noman rani ne ya ba su wurin zama, wasu suna cewa canjin damina ne, wasu kuma motocin kaya. Ya san maganin kashe ta. Ko ana ci, ya ce ya ji ana faɗa, amma shi ba zai ba ni tabbaci ba. Sannan ya ƙara mini wani nauyin da ban zo da shi ba: ko irin da na sani ce, in tabbatar ba daga gonar da aka yi wa feshi ta fito ba. Na dawo gida ina tunanin buhunan farar da ake saukewa a kasuwar Yelwa, wa ya san gonar da suka kwana?

Akwai wata maƙwabciyarmu, mutuniyar kudu, mai sayen kifin banda tana aikawa garinsu. Da ta ga abin da ke gwangwanin sai fuskarta ta washe kamar ta ga ɗan'uwa. Ta ce su suna ci, a cire fiffike, a tafasa da gishiri a zubar da ruwan, sannan a soya. Har na fara samun sauƙi, sai ta ce amma uwarta takan hana su wadda aka kama a kan wata ciyawa. Wace ciyawa? Ta faɗi sunan da yarensu. Ta duba bayan gida ba ta ga irinta ba, ta ce wataƙila babu ita a nan. Wataƙila.

Ka ce mini, mene ne wahala, ki ce kada su ci mana. Na yi wannan tunanin. Amma 'ya'yan maƙwabciyar nan tare suke wasa da jikokina, kuma bakin ruwa ko'ina wutar banda ce. Idan na ce guba ce, gobe suka ga abokansu sun gasa sun ci sun tashi lafiya, shi ke nan maganata ta mutu. Ba za a ƙara kawo mini gwangwani ba. Ran da za su kamo mai kisan gaske, kai-tsaye wuta za su nufa. Idan kuma na ce su ci, wani abu ya sami yarinyar nan, da wane ido zan kalli uwarta?

A rana ta uku jikata ta zo ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu.

“Ƙawata, kin riƙe mana fara har sun fara mutuwa. Idan ba ki sani ba ki faɗa.”

Na buɗe gwangwanin na ɗauki wadda ta fi sauran motsi. Na juya cikinta. Na kai hanci. Ban shirya abin da zan ce ba, na rantse, sai kawai na ji muryata tana cewa, “Wagga tawa ce.” Ban taɓa cewa “wagga” ba tun da na yi aure.

“Duka?”

“Duka.”

Ta tafi tana gunaguni, wai tsofaffi sun fi yara kwaɗayi. Ni kuwa ina cikin ƙulla bakin zane sai wani abu ya faɗo mini wanda shekara da shekaru ban taɓa tunaninsa ba. Kaka mutuniyar gungu ce. Farar da ta sani ta tsibiri ce, ta cikin shinkafa da ciyawar bakin kogi. Ranar da aka sauke ta a tudu, ita ma baƙuwa ce ga rabin abin da muke kawo mata. Mu muna ganin da saninta aka haife ta.

Abin da ban sani ba, kuma babu sauran wanda zan tambaya, shi ne me take yi da wadda ta ƙulle. Ci take yi? Ko kaza take ba wa ta zuba ido? Ko tana kai wa tsofaffin Kambari su gaya mata? Ban taɓa ganin ta kwance ƙullin ba.

Bayan la'asar, da yara suka tafi ɗebo ruwa, na tafasa ta da gishiri yadda maƙwabciya ta ce, na zubar da ruwan, na soya. Na yi bisimilla na ci. Ɗanɗanonta na fara ne, da ɗan ɗaci can ƙarshe, ko kuwa bakina ne. Ba a jima ba cikina ya fara juyawa. Sai dai ka sani, ni cikina yana juyawa idan ɗana ya yi jinkiri a kan ruwa, yana juyawa idan aka ce ana nemana a waya. Na zauna ina sauraren jikina, na kasa bambance aikin fara da aikin tsoro. Kaka mace ce mai sanyin zuciya, idan cikinta ya yi magana ta san gaskiya ya faɗa. Ni aka ba wa aikin nan, da cikin da ba a yarda da shaidarsa.

Na kwana lafiya, amma guda ɗaya na ci. Yaro kuwa ba ya tsayawa a ɗaya.

Yanzu shinge, ƙwaron nan mai fiffike da ke fita daga suri, ba ya fitowa lokacin da muka saba. Tsutsar da ke cin zuciyar masara babana bai taɓa ganin ta ba har ya rasu. Ƙudan tsando da makiyaya suke gudu a da, an ce ya ja baya daga wajenmu. Wasu suna tafiya, wasu suna zuwa, babu mai sallama. Dokokin da aka bar mini na garin da kowa yake zaune wurinsa ne.

Da safe ina jikin bango ina shan hantsi, na ji su a zaure, jikata da ƙanenta, suna ja-in-ja. Yana cewa ga wuta can a gidan maƙwabta. Ta ce masa, “Kai, ba a sawa. Kaka ba ta gani ba.” Sai ga ƙas-ƙas ɗin yana matsowa.

Ta ɗaga hannu daga bakin gwangwanin. Masu rawayar suna nan, na ce har yanzu nawa ne. A ƙarƙashinsu akwai wata ƙarama, siririya, mai jan layi a baya. Ita ma ban san ta ba.

Na jawo ɗaya bakin zanen.