Mai Shiƙa a Bakin Injin Iska

Jama'a, kafin wani ya ce zama na yi na tsara, bari in fara da rantsuwa: wallahi tallahi abin nan da ni ya faru, da rana tsaka, idona biyu, ban sha komai ba, ko zazzaɓi ba na yi. Wanda ya ga dama ya yarda, wanda bai ga dama ba ya bari, dama tun a wancan lokacin ba a yarda da ni ba, kuma ga ni nan ban mutu ba.

Shekarun baya ne, ina saurayi, wani kamfani ya samu aikin wata 'yar hanya da ta ratse daga titin Babura ta shiga ƙauyukan wajen Kanya Babba. Ni mutumin Kazaure ne, na daɗe ina zaman kashe wando a bakin tasha, sai da mahaifina ya yi ta sintiri gidan wani abokinsa kafin aka ɗauke ni, don haka aikin nan ba abin wasa ba ne a wurina, shi ne karo na farko da nake fita da safe mutanen unguwa sun san inda za ni. Aka ba ni injin hura iska, wanda a wurin aiki ake ce wa bulowa. Inji ne mai shan fetur a kan tayoyi biyu, tarakta ke jan sa, da ƙatuwar fanka a cikinsa da wani dogon baki da ake juyawa dama ko hagu. Aikinsa ya share hanya tas bayan an daddaɓe ta, ya kore ƙura da yashi da tsakuwa, domin kwalta ba ta kama ƙasa mai ƙura. Kada ku ji an ce iska ku raina ta. Da idona na ga tsakuwar da ya wurga ta tarwatsa gilashin wata mota da aka ajiye can nesa.

Direban taraktar wani dattijo ne, Baba Gana, iyayensa daga gabas suka zo suka zauna a Babura, shi ne ya koya min injin, kuma bai koya min da lallashi ba. Kullum kafin a tayar sai na duba ƙusar da ta haɗa injin da tarakta, na maƙala sarƙa ko da ƙusar za ta fita, na taɓa tayoyi, na leƙa ragar da ta rufe fanka kada tsumma ko leda ya maƙale. Fetur kuwa sai inji ya huce ake zubawa, ba a kusa da mai shan sigari ba. Sannan in sa tabarau, in toshe kunne, in cusa rigata cikin wando kada fanka ta ja ta, in taka da ƙafa in duba gefen da baki zai kalla, in kori awaki. Dokarsa ta ƙarshe ita ce babba. Ya ce, “Ɗana, in idonka ya ce maka da mutum a gaban bakin nan, kashe. Ba rage wuta na ce ba, kashewa na ce. Ka yi tambaya daga baya.”

Lokacin kaka ne, an gama yankan gero, ga sussuka ta kankama, sai iska ta ɗauke ɗif, ko ganye ba ya motsi. Matan ƙauyen da muke kusa da shi sun sussuke geronsu sun rasa iskar shiƙa, in sun ɗaga ƙwarya sun zubo, gero da ƙaiƙayi tare suke sauka. Ai kuwa da suka ga abin da injina yake yi sai suka yo gayya suka same ni, wai don Allah in ɗan juyo musu bakin su tsaya a gefe su shiƙe. Na ce wallahi ba zan yi ba, wannan iskar ba ƙaiƙayi kaɗai za ta ɗauka ba, har geron da ƙwaryar da idon mai ƙwaryar. Suka yi ta min dariya, wata ta ce tunda uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin mai rowar iska ba sai ɗan Kazaure. Sunan ya bi ni, ko leburori da shi suke kira na. Ban damu ba, na gwammace su tsokane ni suna gani da idonsu.

To, ranar da abin ya faru mun iso wani fili shafaffe da hanya ta ratsa ta tsakiyarsa, bayan azahar, rana na dukan ƙeya. Tankar kwalta na biye da mu a baya da zafinta, ana jiran in share a fesa. Na yi duk abin da na saba, na taka filin da ƙafata, babu kowa, ko kaza babu, kuma wuri ne da in mutum na tahowa tun daga nesa za ka hango shi. Na juya baki hagu tunda dama akwai dammunan gero da mutane a gona, na yi bisimilla na tayar, Baba Gana ya ja a hankali, ni ina biye a gefe riƙe da ƙarfen juya baki.

Ƙura na tashi na gan ta. Wata tsohuwa ce doguwa, tsaye daidai saitin bakin injin, ƙwarya ɗaya a ƙasa ɗaya ta ɗaga sama, tana shiƙa abinta. Nan take na kai hannu na kashe, raina a ɓace, don na ɗauka cikin matan nan ne wata ta yi min taurin kai. Na cire abin kunne ina cewa, “Haba Iya! So kike ki ja min bala'i?” Ƙura ta kwanta. Babu kowa a wurin. Na je na duba ƙasa, babu sawu, babu ƙwayar gero ko ɗaya.

Baba Gana ya leƙo daga tarakta ya ce lafiya? Na gaya masa. Ya ce shi bai ga komai ba, amma bai yi min dariya ba, cewa ya yi in sake tayarwa in duba da kyau. Na sake. Tana nan. Wannan karon na ɗan tsaya na kalle ta kafin in kashe, ga kuma abin da na gani: iskar da take wurgi da tsakuwa tana dukan matar nan kai tsaye, amma ko bakin zanenta bai motsa ba, geron yana sauka a miƙe cikin ƙwaryar ƙasa kamar ana zuba shi a ɗaki. Ba ta kallo na, aikinta kawai take yi. Na kashe, ƙura ta kwanta, ta ɓace.

Sai ga shugaban aikinmu, Oga Sabitu, ya taho yana huci. Mutum ne mai zafin rai, ba mugu ba, amma ba ya son a ga kamar ƙaramin ma'aikaci ya juya shi. Ya ce wasan me nake yi da inji, kwalta na hucewa? Na gaya masa gaskiya. Ya kalli filin, ya kalle ni, ya ce wa leburori su zo su ga mai rowar iska ya fara gane-gane. Aka kwashe da dariya. Na ce, “Oga, a ba mu tsintsiya mu share wannan ɗan wurin da hannu, in mun wuce shi sai in tayar.” Ya ce kamfani bai sayo inji don a yi shara da tsintsiya ba, ko in tayar yanzu ko in ajiye makulli in kama hanyar Kazaure.

Wallahi a lokacin fuskar mahaifina ce ta faɗo min, da yadda ya tsuguna a zauren abokinsa saboda ni, da bakin tashar da zan koma a ce ga shi nan an koro shi. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma ban tayar ba. Na ce, “Oga, idona aka ɗauka aiki, kuma idona ya ce da mutum a wurin.” Ya ce, “Wane mutum ne yake ɓacewa in ƙura ta kwanta?” Na ce, “Wannan ban sani ba. Ko mutum ce ko ba mutum ba ce, ni ba zan watsa wa tsohuwa tsakuwa ba.”

Ya fizge makullin daga hannuna, ya ce na gama aiki a nan, shi zai yi da kansa. Na cire tabarau ɗina na miƙa masa, na ce to ko wannan ya sa. Ya bangaje hannuna, tabarau ya faɗi ƙasa. Ya daka wa Baba Gana tsawa ya ja. Tsohon ya kalle ni, na ga bakinsa na motsi da addu'a, mai iyali ne, ban ga laifinsa ba. Na koma baya na harɗe hannu, na ce a raina ba inda za ni sai na ga ƙarshen abin.

Inji ya tashi, ƙura ta turnuƙe, ga ta nan a inda take. Na ga Oga Sabitu ya ɗan yi turus, ya waiwayo ya kalli leburorin da suka zuba masa ido, sai ya kai hannu ya ƙara wuta har ƙarshe. A nan ne tsohuwar ta ɗago kai, karo na farko. Ba ta yi fushi ba, ƙwaryar ta ƙara ɗagawa sama ta karkata ta, sai ƙaiƙayin ya taso, ya keto iskar injin, ya yo baya, ya nufi fuskar Oga Sabitu. Innalillahi! Ihun da ya yi har ta saman ƙarar injin an ji shi. Sauran mutane ba su ga komai ba sai mutum ya dafe ido ya durƙushe. Ni na ruga na kashe injin, na rufe famfon mai, sannan muka kama shi muka yi ta zuba masa ruwa a ido.

Abin da ya fito daga idon nan ba yashi ba ne. Baba Gana ya tara tafin hannunsa, ya duba, ya miƙo min: ƙaiƙayin gero ne, sabo, a kan hanyar da aka daddaɓe da jar ƙasa aka bi ta da rola, motar nan mai danne hanya. Masu wayo sun ce iska ce ta kwaso shi daga wajen mata masu sussuka. Wace iskar? Wadda matan suka zo roƙo a wurina don babu ita? Wani dattijon ƙauyen da na tambaya daga baya cewa ya yi filin masussuka ce tun zamanin kakanninsu, daga nan ya canza zance, ni ma ban matsa ba.

Kada ku ɗauka an dawo da ni aiki. Wanda ya maye gurbin Oga Sabitu ya ce ba ya aiki da mai gane-gane, korar ta tabbata, amma da tsintsiya ya sa aka share filin. Na koma Kazaure, mahaifina ya daɗe ba ya amsa gaisuwata da sakin fuska, 'yan tasha suka samu abin yi da ni. Na sha baƙin ciki ƙwarai, amma ko sau ɗaya ban yi da-na-sani ba, kuma ko yau aka maido ni wurin, kashewa zan sake yi.

Shekaru sun ja, ina tuƙa adaidaita sahu a cikin gari, wata safiya wata mata ta tsayar da ni tana riƙe da hannun mijinta, yana sanye da baƙin gilashi, ya rame ya yi furfura. Ina cewa “Ina za ku, Hajiya?” sai mutumin ya ce, “Ɗan Kazaure?” Oga Sabitu ne. Matar ta ce sun zaga asibitoci har sun gaji, likitoci sun ce ba su ga abin da ya hana idon gani ba. Muna tafe ya matso bayana ya yi ƙasa da murya. Ya ce, “Na gan ta, ka sani. Tun kafin in ƙara wuta na gan ta. Kunyar yaran nan ce ta hana ni kashewa.” Na ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya, Oga. Ya ce, “Mutane suna cewa na makance. Ban makance ba, ita nake gani. Ko na rufe ido ko na buɗe, tana nan tana shiƙarta.” Da muka wuce kasuwa sai ya ce, “Da can ƙwaryar saman a cike take. Yanzu saura kaɗan.”

Na sauke su, na ƙi karɓar komai, na samu inuwa na tsaya.

Ku masu aiki da irin waɗannan injuna, ku duba ƙusa da sarƙa, ku sa tabarau, kada ku zuba mai inji da zafi, duk wannan kowa zai gaya muku. Nawa ɗaya ne: in idonku ya nuna muku wani a gaban bakin inji, ku kashe, ko duniya duka ta ce babu kowa, ko da aikin ne zai tafi. Aiki ana samun wani. Ni dai har yau ban nemi labarin Oga Sabitu ba, kuma don Allah wanda ya san shi kada ya zo ya gaya min ko ƙwaryar ta ƙare.