Rawanin Baba a Ƙirjina

Ni mutum ne mai surutu, wannan ko maƙiyina ya shaide ni. Shekara ashirin da ɗoriya ina bin motar albasa daga Wurno zuwa Ikko, zuwa Kwatano, har Kumasi na sauke buhu, kuma babu direban da ya taɓa gyangyaɗi ina gefensa. A tashoshin nan na koyi shan taba. Ita ce ta rako ni gida da ciwon daji a huhun dama.

A babban asibiti anka yanke mini wani ɓangare na huhun. Na farka da roba tsakanin haƙarƙarina tana tsiyayar da ruwa da jini cikin wata gora ƙarƙashin gado. Kwana biyar ina ɗaure da ita kamar akuya a turke. Ranar sallama likita ya zaunar da ni da maiɗakina, ya ce gajiya za ta daɗe, kafaɗa za ta yi tauri, gefen ɗinkin zai yi kamar ba jikina ba, duk wannan kada ya tsorata mu. Abin tsoro guda ne: kaki ya kwanta a huhun da ya rage. Don haka in riƙa jan numfashi har ƙasa, in riƙa tattaki a tsakar gida, in danna filo a kan ciwon in yi tari ko da zafin zai sa ni kuka. Ya ce huhun da ya rage shi ke nan gare ni, babu wani a ajiye.

Munka dawo gida munka tarar Inna ta iso daga Rara da ƙunshinta.

Ni ne ɗanta na fari. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Tun yaye kakata ta ɗauke ni, kuma har na yi furfura, in Inna na da magana da ni, sai ta dubi bango ko wanda ke kusa ta ce a gaya ma wancan. Tsarabar da nake kawo mata ma sai in aje wajen ƙanena ya miƙa.

Tana zaune bakin ƙofa tari ya taso mini. Na duƙe, na rungume filo, hawaye na zuba. Da na ɗago sai na ga ta kwance ƙunshinta ta fiddo rawanin marigayi Baba. Ta gaya ma maiɗakina cewa shekarar da sa ya tunkuyi Baba a fadama ya karya mishi haƙarƙari, da wanga rawani mai ɗori ya ɗaure shi, kwana arba'in ya koma noma. Ta ce abin da anka yanka ɗauri yake so, tari kuwa farke ɗinki yake yi.

Ba ta ba kowa ba. Da hannunta ta ɗaga mini riga. Yatsunta sunka taɓa fatar bayana, masu kaushi, da ɗan ƙamshin man shanu. Ta zagaya, ta zagaya, ta ja, ta ƙulle a ƙarƙashin hammata. Na haura hamsin, ban san taɓin hannun nan ba sai ranar. Maganar likita tana bakina, na haɗiye ta.

Gaskiya zafin ya ragu, shi ya sa kowa ya yaba. Amma iska ba ta wuce wuyana. In tari ya taso, Inna ta miƙo zuma a cokali, in danne. In na yunƙura zan taka, ta ce a gaya ma wancan ya kwanta. Masu dubiya na shigowa da doguwar gaisuwarmu, ni da nake kai labari daga Kwannawa har Kontagora ban tsaya ba, sai da na raba lafiya lau gida biyu.

Kwana na huɗu zazzaɓi ya sauko. Ƙirjina na gurguri kamar injin ban ruwa in ya zuƙi laka. Ina zaune cikin ɗaki busasshe, amma ji nake kamar gulbin Rima ya rufe ni. Maiɗakina ta duƙa kusa da kunnena ta ce ita suruka ce, in ta sa hannu ta kwance wani abu ya faru, da wane ido za ta dubi Inna. Ni ne ya kamata in yi magana. Na ce mata ta bari sai gobe. Ba zan ɓoye ba, tsoro biyu nake ji. Ina tsoron in mutu da huhun da likita ya wahala ya bar mini. Ina kuma tsoron in ce a kwance, Inna ta janye hannunta, ta koma duban bango har ɗayanmu ya bar duniya.

Da azahar na yi kabbara a zaune. Fatiha ta gagare ni. Aya biyu, sai duhu-duhu a idona. Na sake, haka. Da ƙyar na sallame, na ga ashe goben da nake faɗi ba lalle ta same ni ba.

Inna na bakin ƙofa tana tsintar wake a faifai.

"Inna," na ce. Ba ta waiwayo ba. "Inna, ba ni samun iska."

Ta dubi maiɗakina. "Mi yake cewa?"

"Da ke nike, Inna. Ɗaurin nan shina kashe ni. Likita ya ce in ban yi tari ba, huhun ruɓewa zai yi."

Faɗin wannan kaɗai sai da na huta sau huɗu. Ta aje faifan. Na ce a raina shi ke nan, na ɓata. Sai ta taso ta kwance ƙullin, tana warwarewa a hankali. Rawanin ya bar mini shaida a fata kamar igiya a buhu. Ta naɗe shi ta yi gammo, ta danna a kan ɗinkin, ɗaya hannun ta tare bayana. Fuskarta na wajen bango.

"A gaya mishi ya yi tarin. Ina riƙe."

Na yi. Ji na yi kamar an sake sa wuƙa. Kaki ya fito kore, da guntun tsohon jini. Na sake, na sake, hannun nan bai motsa ba.

Bai hana a maida ni asibiti da la'asar ba, don sanyi ya riga ya kama huhun. Mako guda ana yi mini allura. Likita ya ga shaidar ɗauri ya tambayi wa ya yi wanga aiki, na ce wata dabara ce na gano a Kwatano. Ya ce in maida musu abarsu. A nan kuma ya gaya mini sakamakon gwajin abin da sunka yanke ya fito, akwai sauran magani na ƙarin ruwa a gabana, wata da watanni, kuma bai yi mini alkawarin komi ba.

Kafin a sallame ni Inna ta koma Rara, wai wakenta na gona. Gammon ta bari a kan gadona, ba ta warware ba. Kullum da safe nakan danna shi a haƙarƙari in yi tarina. Yana tare ciwon daidai gwargwado, sai dai bayana babu mai riƙewa.