Ranar da Na Wanke Tutar Ɓauna

Abubuwa da yawa sun fara shige mini duhu. Nakan tashi neman carbi alhali yana wuyana, nakan kira jika da sunan uwarsa. Amma ranar da na wanke tutar mutanen Tudun Wada, wannan kam ko daga barci aka tashe ni zan faɗe ta tiryan-tiryan, kuma ina jin da ita za a kai ni kushewa. Ba tatsuniya ba ce, babu Gizo a cikinta. Ni ce, da sabulu, da ɗana auta.

A zamanin nan, lokacin mulkin soja, gidanmu yana bayan wata kwalejin horar da malamai ta kwana a wajen Bagauda. Dangar kara ce kawai tsakaninmu da filin ƙwallonsu. Ni ƙosai nake soyawa a bakin ƙofar makarantar, shi ya sa yaran kaf Inna suke ce mini. Cikin 'ya'yan da na haifa, auta kaɗai ne ya yi boko. Yana ajin ƙarshe, saura wata biyu ya rubuta jarrabawar fita ya zama malami. Shi ne kuma golansu. Ni ko bihim ban sani ba, amma tuni na gama ɗinka masa rigar malanta a zuciyata.

Kowace shekara sukan kara da wata kwaleji ta can wajen Tudun Wada, hanyar Falgore. Namu alamarsu kada, don suna bakin ruwa. Su kuwa ɓauna, don suna bakin daji. Al'adar namu ita ce, ranar jajiberin wasa bayan la'asar sai a yi gangami. Su haɗa ɓaunar kara, su lulluɓe ta da tsohon buhu, su kafa mata ƙahon saniya da suka roƙo wurin mahauta. Su ɗauko ta daga ɗakin cin abinci, ana kaɗa garwa da farantan tuwo, ana yi mata zambo, har tsakiyar fili. A nan kowa ya ɗana mata sanda sai ta koma karan da take. Baƙin ma sukan tsaya gefe suna dariya, don in namu sun je can, haka ake yi wa kadan kara. Ba a taɓa faɗa a kan wannan ba. Kara ne, kara kuwa ba shi da dangi.

Ana nan, ana nan, a wannan shekara baƙi suka iso ran Alhamis cikin motar katako, da tutarsu ɗaure a gora a saman mota. Suka sauka suka shiga cin abinci. Shaiɗan kuwa ya hau kan autana, ya raya masa cewa bana ba ɓaunar kara za a daka ba, ta gaske za a ja a taɓo. Ya hau motar, ya kwance tutar, ya cusa ta a buhu, ya tsallako danga, ya tura ta ƙarƙashin gadona. Duk wannan daga baya na ji. Ni ina can ina juya ƙosai.

Ran Juma'a da hantsi ina shara, tsintsiya ta taɓo buhu. Na jawo, na buɗe. Wani wari ya buge ni, kamar bunsuru ya kwana cikin takalmi. Na zazzage, sai ga ƙyalle mai faɗin zanen gado, wanda ba za ka ce ga launinsa ba. Nan ja, nan baƙi, nan maiƙo, gefe guda a yage. Na riƙe baki na ce, inna lillahi, ashe a kan wannan yaron nan yake kwana a makaranta? Kunya ce ta hana shi ba ni, ya ɓoye. Ai in mutane suka gani cewa za su yi ba shi da uwa.

Na ɗaura ɗamara. Na jiƙa shi da ruwan toka, na ɗauko sabulu sanda guda. Ruwan farko ya fita baƙi ƙirin kamar na marina. Na biyu haka. Na uku haka. A na huɗu ne ƙyallen ya fara faɗin gaskiya, ashe kore ne shar. A tsakiya ga wata dabba mai ƙaho, da rubutun boko a ƙarƙashinta. Na ce wannan tambarin kamfanin da ya saƙa shi ne, kamar saniyar da ke jikin gwangwanin madara. Akwai wani tabon man ja da ya yi mini taurin kai, sai da na haɗa masa lemun tsami da gishiri kafin ya saki. Na ɗinke yagar, na ɗauraye, na shanya a kan danga, tsakanin zanena da wandon maigida. Na koma gefe ina kallon aikina, ina jin daɗi.

Ashe can cikin makaranta duniya ta tashi. Baƙi sun ce in babu tuta babu wasa. Shugaban makaranta ya tara yara tun da safe, ya rantse cewa duk wanda aka kama da ita zai haɗa akwatinsa, ba shi ba jarrabawa. Aka shiga binciken ɗakunan kwana, aka hana kowa fita. Autana yana so ya zo ya ɗauke ta ya yar kusa da motar, babu hanya. Gangami kuwa malamai suka ce a bari a yi, wataƙila ɓarawon ya fito da ita da kansa.

Bayan la'asar ina zaune a tsakar gida ina tsintar wake, na jiyo garwa na tahowa, ana waƙa ana ihu. Suka matso, suka matso, har suka zo daidai dangarmu. Sai ɗif! Kamar ruwa ya cinye su. Na miƙe na leƙa. Makaranta guda, da malamai, da baƙi, kowa ya zuba wa shanyata ido. Na ce wandon maigida suke kallo, don yana da faci biyu a baya. Na yi wuf na janye wandon, na ce musu, "To, ku wuce mana."

Babu wanda ya motsa. Sai wani dogon yaro ya ratso taro, Bafillace ne daga wajen Doguwa, shi ne kyaftin ɗin baƙi. Ya taɓa ƙyallen, ya juya shi, ya shinshina. Ya dube ni.

"Inna, wa ya wanke wannan?"

Na ce, "Ni ce, ɗan nan. Ba sai ka gode ba."

Yaron nan ya zube a ƙasa ya ɗora hannu a ka. "Ta wanke! Wallahi ta wanke!" 'Yan'uwansa suka ɗauki salati kamar an aiko musu da rasuwa. Ni kuwa ina tsaye da wando a hannu, ina tunanin ko sabulun ne bai fita ba.

Malamin wasanninsu, wani dattijo mai furfura, shi ya matso ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce, "Baba, wannan tutarmu ce. Tun da aka kafa makarantarmu ruwa bai taɓa ta ba, sai na sama. Duk ranar da muka ci wasa, sai a bar mata shaida a jiki."

Kyaftin ya miƙe yana nuna mini wuraren da babu komai yanzu. "Nan jar ƙasa ce, ta ranar da muka ci mutanen Dangora cikin ruwan sama. Nan haɓon wani golanmu ne da ya ƙi fita daga fili. Nan kuma man ja ne, na walimar shekarar da muka ɗauki kofi."

Na ce, "Ayya, ai wannan man jan shi ya fi ba ni wuya."

Yaranmu suka tuntsire da dariya, har wani ya saki garwarsa. Amma kyaftin bai yi dariya ba. Ya kama kusurwar tutar ya ce, "Nan kuma tafin hannun wani kyaftin ɗinmu ne. Ya sa da taɓo. Bai ga shekarar da ta biyo ba, Allah ya karɓi abinsa."

Dariya ta mutu a wurin.

Shugaban makaranta ya gyara tabarau ya ce, "Inna, wa ya kawo wannan gidanki?"

Na ɗaga ido. Autana ne ke ɗauke da gaban ɓaunar kara. Zuciyata ta ce ki ce iska ce ta kawo. Amma wace iska ce ke cusa kaya a buhu ta tura ƙarƙashin gado? Sai yaron ya sauke ɓaunar, ya fito, ya durƙusa.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Me za ka yi da ita?"

"A taɓo za mu ja ta."

Shugaba ya ce, "Tashi ka je ka haɗa akwatinka."

Jama'a, na ga rigar malantar nan da na ɗinka a zuciyata tana warwarewa zare-zare. Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini haƙuri kaɗan." Na shiga ɗaki, na buɗe akwatin ƙarfe, na tono can ƙasa na ciro majanyin uwata. Da shi ta goya ni, da shi ta goya ƙannena. Tun da ta rasu ban bari ruwa ya taɓa shi ba, don har lokacin yana ƙanshinta, hayaƙin murhu da man shanu. In kewa ta dame ni nakan ɗauko in sa hanci. Sai a ranar na gane cewa ni ma ashe ina da tuta.

Na fito da shi, na sa a kwano, na ɗora guntun sabulun da ya rage, na ajiye gaban kyaftin.

Na ce, "Ɗan nan, yarona ya yi laifi, ya ɗauki abin da ba nasa ba da mugun nufi. Amma nasa nufin bai cika ba, nawa ne ya cika. Shi taɓo ya so ya ƙara muku, ni kuwa na kwashe muku na shekara da shekaru. Wannan majanyin uwata ne, ba ni da abin da ya rage nata sai warin da ke jikinsa. Ga sabulu, ga rijiya can. Ku wanke, mu tashi kunnen doki. Amma ku bar mini yaro ya rubuta jarrabawarsa."

Kyaftin ya sunkuya ya ɗauki majanyin, ya kai hanci. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce a hankali, "Haka kakata take." Ya ninke shi huɗu, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Riƙe abinki, Inna. Mu ba ma wanke na mutane."

Maganar ta shige ni, amma na haɗiye, don na ci bashinta. Dattijon malaminsu ya ja shugaba gefe, suka yi ƙus-ƙus, shugaba na girgiza kai, dattijo na dafa masa kafaɗa. Da suka dawo shugaba ya ce, tun da masu haƙƙi sun roƙa, ba za a kori yaro ba. Amma zai yi mako guda yana yankan ciyawa, kuma shi zai ɗauki tutar baƙi, yau a gaban gangami, gobe a gaban 'yan wasansu har cikin fili, kuma in ta taɓa ƙasa ya kama hanyar gida.

Haka kuwa aka yi. Ba a taɓa ganin gangami irin wannan ba: golan kada a gaba, ya ɗaga tutar ɓauna sama da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai, tana ta zuba ƙanshin sabulu. Da aka kai ɓaunar kara tsakiyar fili, namu suka tsaya cirko-cirko, kowa na jin nauyin ɗaga sanda. Sai kyaftin ɗin baƙi ya karɓi sandar wani ya ce, "Wannan ai kara ce, ku dake ta!" Shi ya fara kai mata duka.

Kashegari aka buga wasa. Ƙwallo uku suka zura wa autana, namu ko ɗaya. Yaranmu suka ce, "Inna, ashe ba sa'a kika wanke musu ba, nauyi kika rage musu." Kwana uku suna wuce kaskona suna kau da kai.

Amma kafin baƙi su hau mota, sai ga su sun nufo ni da tutar. Kyaftin ya shimfiɗa ta a kan hannuwansa ya ce, "Inna, mun ci wasa, dole a bar shaida. Ke kika share tsofaffin, ke za ki fara sabo." Na ce ni ban iya rubutu ba. Ya ce ba rubutu ake so ba. Na tsoma babban yatsa a man ƙosai, na dangwala a gefen ɓaunar, kamar ranar zaɓe. Suka yi tafi. Motar ta tashi, kyaftin ya leƙo ta saman katako yana ɗaga murya, "Inna, in mun dawo, don Allah a ɓoye sabulu!"

Auta ya rubuta jarrabawarsa, ya ci, ya yi malanta har furfura ta fito masa. Majanyin nan kuwa yana nan cikin akwati, na kuma tara matan 'ya'yana na gaya musu cewa duk wadda ta kai shi bakin rijiya, ni da ita ne.

Abin da na koya ke nan, ku da kuke tasowa. In wasa ya haɗa ku da wasu, ku yi wa kara zambo, ku dake ta yadda kuke so, amma abin da suka ɗaga sama ku bar musu shi a sama. Yarona ya taɓa shi da mugunta, ni na taɓa shi da alheri, kuma ɓarnata ta fi tasa. Abin da ka gani ka ce dauɗa ce, wani uwarsa ce a ciki. Tun daga ranar, ko tsumma na tsinta a tsakar gida, sai na ɗaga shi na tambaya na wane ne kafin in jiƙa.