Faifan bikina da tsohon lektar na Yaya Lawali

Shekara tara ke nan da muka raka Yaya Lawali makwancinsa, Allah Ya jiƙansa Ya sa ya huta. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai hidimar buro, wato ofis, da ta yara su sha kaina. Bana dai na zauna, domin abin da ya faru a gidanmu na unguwar Bobiel a Yamai ya fi ƙarfin in bar shi a cikina.

Waɗanda suka saba bi ta bayan Petit Marché a wancan lokacin za su tuna wani ɗan shago kusa da masu yaji, inda ake gyaran ordinatar, wato kwamfuta, ana atishawa. Mai shagon yayana ne, ɗan farin Innarmu, dogon mutum mai gardamar tsiya. Ni sakatariya ce, bugun takarda kawai na iya, amma in na kai masa injin da ya lalace sai ya zaunar da ni ya buɗe cikinsa ya kama yi mini karatu, ko ina so ko ba na so. A bakinsa na san lektar, wato ɗan akwatin da ke turo harshe a ɗora masa faifan sidi ya haɗiye ya karanta.

Abin da ya fi so a duniya, bayan tuwon Inna, shi ne wata waya mai faɗi kamar ɗamara, launin toka, da jan layi a gefe guda. Nap suke ce mata, mahaɗarta kuma IDE. Ita ke haɗa lektar da uwar injin. Wahalarta ba kaɗan ba ce: haƙoran da take shiga sirara ne, ka ɗan karkace ɗaya ya lanƙwashe, ga ta da tare iska a cikin injin. Kuma kaya biyu ke rataye a jikin waya ɗaya, don haka dole a bayan kowanne a matsar da wani ɗan ƙulli da bai kai ƙwayar wake ba, wanda ake kira kabaliye, don a san wa ke gaba wa ke baya. Masu injin sun raɗa musu ubangida da bawa. Yaya ya ce shi ba a bauta a shagonsa, wa da ƙane ne. In aka yi kuskure duka biyun suka zama wa, injin sai ya ƙi ganin kowa, Yaya kuwa ya kalle ni ya ce kin ji gidan da ba a san babba ba.

Da SATA ta shigo, siririyar waya ja da ba ta fi ɗan yatsa ba, kowa ya huta. Kaya ɗaya waya ɗaya, babu kabaliye, babu lanƙwasa haƙori, ga sauri. Amininsa Hamani, Bazabarme ɗan Goudel da suke zaman shagon tare, ya rungume ta hannu bibbiyu. Yaya ya yarda ta fi sauƙi, don shi ba maƙaryaci ba ne, amma ya ce faifai ba ya juyawa fiye da ƙarfinsa, to saurin na mene ne? Sannu ba ta hana zuwa. Na USB kuwa, falalen lektar da ake ajiyewa a waje a soka shi duk inda aka ga dama, ko kallon arziki bai samu ba. Ɗan haya yake ce masa, wanda ba shi da ɗaki a gidan, wutar ma sai an sam masa. Haka za su wuni shi da Hamani, shayi na tafasa, kowa na kare wayarsa kamar ƴar cikinsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ordinatar da aka ba ni a buro ko bakin saka faifai ba ta da shi. Shagon nasa yanzu kayan wayar salula ake sayarwa a ciki, kuma ƴaƴana sun taɓa tambayata ko faifan sidi madubi ne. Na san da farko zai yi tsaki ya ce an mayar da mutane ragwaye. Daga baya kuma, na rantse, shi zai riga kowa iya sabon abin, yana yi yana zaginsa. Zamani riga ne, Yaya kuwa yana sa tasa ne yana ƙorafin ɗinkin.

Abin da ya tayar da maganar shi ne idon Inna. Hawan jinin ido ya daɗe yana cin ta, bara likita ya faɗa mana gaskiya cewa ɗan ganin da ya rage ba zai jima ba. Inna ba ta yi kuka ba. Abu ɗaya ta roƙa: tana so ta ga fuskar yaron nan, wato Yaya, yana motsi, yana dariya, kafin duhu ya rufe. Hoton da muke da shi na katin ɗan ƙasa ne, ya murtuke fuska kamar wanda aka kama da akuyar mutane, Inna ta ce wannan ba ɗanta ba ne. Sai na tuna faifan bikina, da shi da kansa ya buga mini a shagonsa. Sau ɗaya na taɓa kallonsa tun ina amarya, ɗaki cike da ƙawaye ana shewa, ban riƙe komai ba sai kayan da kowa ta sa.

Na ari lektar na USB wurin wata abokiyar aiki. Ya karɓi faifan, ya yi ƙugi, ya yi ƙugi, ya tofo shi. Wallahi hankalina ya tashi, don kowane wayewar gari Inna sai ta ƙara matso da abu kusa da hancinta kafin ta gane shi. Na shiga taksi har Goudel, na iske Hamani a lambunsa a bakin kogi, ya bar gyara ya koma noman salati, wato latas, furfura ta cika masa gemu. Da ya ji abin da ke tafe da ni ya ajiye abin ban ruwa, bai ko wanke ƙafa ba muka wuce ɗakinsa. Ya gwada a wani inji mai SATA. Hoton ya fito, mata na shiga da ƙwarya, sai ya daskare ya ƙi gaba.

Sai Hamani ya tambaye ni ina kwalin tarkacen Lawali. Yana nan a ɗakin ajiyar Inna, ba wanda ya iya zubar da shi. A ciki muka tono tsohon lektar ɗin da aka buga faifan da shi, mai nauyi kamar tubali, nap ɗinsa naɗe a jiki. Sai dai babu sauran inji mai mahaɗar da zai shiga. Hamani ya zaga kasuwa ya samo wata ƴar mahaɗa mai kai biyu, gefe guda IDE gefe guda USB, da wayar wutarta daban. Aka haɗa, shiru. Ya juya bayan lektar ɗin ya duba, sai na ga ya yi murmushi idonsa na kawo ruwa.

«Ƙanwata, yayanki ya bar shi a ƙane,» in ji shi. «Shi kaɗai ne yanzu, dole ya zama wa.»

Ya sa ɗan hantsaki ya matsar da kabaliyen. Lektar ya turo harshe, ya haɗiye faifan, ya kama juyawa a natse. Na ce da tsohuwar zuma ake magani, Yaya ya ci gardama. Hamani ya ce sam, waya ba ta karatu, idon da ke cikin lektar ne ke yi, an dai yi sa'a na wannan bai mutu ba. Ko a ranar bai yarda ya bar wa amininsa nasara ba.

Muka zaunar da Inna dab da allon ordinatar da rana tsaka, aka buɗe taga. Ga dangi daga Maraɗi, ga maƙwabta, ga waɗanda suka riga mu gidan gaskiya suna cin shinkafa suna dariya. Muna ta jira ya gitta. Bai gitta ba. Can na fahimci abin da ya faru: ba a ɗauko mai kamera ba a bikina, Yaya ne ya riƙe ta da kansa tun safe. Ni ina lulluɓe ina kukan amarci, Inna kuwa uwar amarya ce, ta ɓuya a ƙuryar ɗaki saboda kunya, babu ɗayanmu da ta tuna wa ke ɗauka. Mun tayar da Yamai muna neman fuskar mutum a faifan da shi ke bayansa.

Ina neman yadda zan faɗa wa Inna ke nan, sai hoton ya shiga wani ɗaki mai duhu, ya tsaya a kan wata mata da ta ja mayafi ta rufe fuska. Murya ta fito daga bayan kamerar, kusa, kamar yana tsaye a kanmu, da dariyar nan tasa a ciki.

«Inna, ki ɗago mana in gan ki. Ba ta cizo.»

Inna da ke zaune a gabanmu ta ɗago kai. «Na'am,» ta ce.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, ni ma da haka na tashi, amma a gidanmu ba haka ta kasance ba. Hamani ya kwashe sautin ya zuba mata a ƴar rediyonta mai cin katin ajiyar sauti. Kafin damina ta fita idon ya rufe gaba ɗaya. Na yi baƙin ciki da ba ta ga fuskar ba, har yau ina yi, ba zan ɓoye ba. Shagon ya tafi, nap ta tafi, faifan ma wata rana zai ƙi karantuwa ko a hannun wa. Abin da ya saura na Yaya Lawali shi ne halinsa: mutumin da ya wuni yana nuna kowa, bai tuna ya juyo da kamerar kansa ba ko sau ɗaya. Ku da kuka san shi, ku sa shi a addu'a. Inna kuwa kullum bayan la'asar takan lalubi rediyon ta kunna, ɗanta ya ce ta ɗago ya gan ta, ita kuma ta gyara mayafi ta ɗago.