Jar Motar Surukin Bamalli Mai Birki

Bamalli mai birki ba mutum ne mai daɗin zama ba. Ni Ummaru na fi kowa sani, don rumfata ta faci jingine take da garejinsa a hanyar Maje tun ba mu fara furfura ba. Haifaffen unguwar Wambai ne, a tasha ya koyi aiki, kuma tun yana saurayi ya yanke wa kansa cewa birki kaɗai zai riƙa taɓawa. Ka kawo masa matsalar inji, ko kallonka ba zai yi ba. Ga faɗa, ga ƙin biyan kuɗin shayi, amma duk direban da ke son ransa wajensa yake zuwa.

Yana da ƙa'ida guda wadda kowa ya sani a Suleja. In mota ta shigo hannunsa, sai ya cire tayoyin duka ya ɗora ta a kan duwatsu, kuma ba ya mayar da su sai aiki ya kammala. Saboda haka ba a tambayarsa ko an gama. In ka wuce ka ga motarka a kan dutse, ka ƙara gaba. In ka gan ta tsaye da ƙafafunta, ka ɗauki abarka, a yi lissafi daga baya.

Sai Allah ya haɗa shi da suruki mai son gudu. Nuraddeen, mijin 'yarsa Rabi'a, ma'aikaci ne a Abuja, yaro mai ladabi har ya yi yawa. Abu ɗaya ne ya raba shi da hankali: wata tsohuwar mota ja mai ƙofa biyu, wadda ta girme shi, cikinta na shafar ƙasa, fitilunta na ɗagowa kamar idon kwaɗo. Injinta lafiyayye ne, birkin ne ya tsufa. Nuraddeen ya sayo manyan fayafan birki da sababbin fad masu matse su, yana son a sauya komai. Amma ya tsaya gaban surukinsa ya yi bayani? Ina! Shi ya gaya wa Rabi'a, Rabi'a ta gaya wa uwarta Asama'u, Asama'u ta isar bayan an ci tuwo. Motar ma da sassafe ya kawo ta, ya bar mini makulli ɗaya ya gudu. Shi ma Bamallin in ya hango yaron daga nesa, sai ya tuna yana da aiki a ƙarƙashin wata mota. Ni abin dariya yake ba ni, har ranar da ya daina.

Ranar Juma'a ce, cikin damina. Bamalli ya ɗaura fayafan gaba, amma bai cire iskar da ke cikin bututun ba. Na baya kuwa tiyon da ake jira daga Kaduna bai iso ba, don haka ya toshe bututun da ƙusa kada man birki ya tsiyaye. Wajen hantsi hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Jar motar tana daidai bakin kwalbatin da ke cika ya tumbatsa duk lokacin da aka yi ruwa mai ƙarfi. Bamalli ya dubi sama, ya dubi motar, ya yi tsaki. Ya mayar da tayoyin, muka tura ta kan tudu kusa da titi, muka tafi masallaci. Ruwan ma bai sauka ba, iska ta kwashe shi.

Da muka dawo, motar ba ta nan.

Na ga fuskar Bamalli ta sauya. Mai rake da ke tsallaken titi ya ce ai mai motar ne ya zo da nasa makullin ana idar da salla, ya leƙa, ya ga tayoyi, ya shiga ya ja. Bamalli ya ciro waya. Lambar surukin ba ya da ita, don bai taɓa kiransa ba. Ya kira Asama'u.

"Ina yaran nan suka nufa?"

"Lambata, wajen sunan ƙanwarsa. Yanzu suka biyo suka gaishe ni. Lafiya, Malam?"

"Har da Rabi'a a motar?"

"Har da ita mana."

Ya kira Rabi'a, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Wa zai ji waya a cikin motar da salansarta ke ruri kamar injin niƙa? Ya ce Asama'u ta yi ta kiran mijin kada ta fasa, sannan ya juyo gare ni. "Ummaru, tada mashin. Birkin da ke ƙafarsa zai kama sau kaɗan, daga nan sai ya nutse. In suka kai gangaren gadar Izom a haka, shi ke nan."

Ban taɓa gudu irin na ranar ba, kuma ba na fatan in sake. A Maje tankokin mai sun cinye rabin titi, muka riƙa kutsawa tsakaninsu, gwiwata na gogar taya. Bamalli na bayana ya damƙe mini riga, bakinsa sai salati. Mutumin da kullum yake zagin 'yan acaba a kan ganganci, yau shi ke cewa in ƙara wuta. Bayan Diko muka hango taron jama'a a gefen hanya. Na ji yatsunsa sun shige mini haƙarƙari. Da muka matsa, ashe motar tumatir ce ta zube. Muka wuce.

Can gaba na hango ja. Tana tafe, ba da gudu sosai ba, fitilar birkinta na kunnuwa tana mutuwa, tana kunnuwa tana mutuwa. Bamalli ya ce, "Famfon birki yake yi. Ya ƙare masa." Hanya kuwa ta fara sunkuyawa, kuma a ƙasa wata tirela ce ke rarrafe da lodin siminti.

Na matse mashin har muka jera da tagar direba. Nuraddeen ya jiƙe sharkaf da gumi. Ya waigo ya ga wanda ke bayana, kuma wallahi sai da yaron nan ya sunkuyar da kai zai gaishe shi.

"Dubi gabanka!" Bamalli ya daka masa tsawa. "Sauke giya! Sa biyu!"

Injin ya yi kururuwa, motar ta yi tsalle ta rage.

"Sa ɗaya! Ja birkin hannu, a hankali, kada ka fizge! Ga yashi can, shiga ciki!"

Masu aikin hanya sun zube tulin yashi a gefe. Motar ta karkata, bayanta ya yi wutsil-wutsil, ta soka hanci a ciki ta tsaya. Na taka nawa birkin muka kusa kifewa. Tirelar ta ci gaba da gangarawa abinta, direban bai ma san an yi ba.

Nuraddeen ya fito ya durƙusa a kan tsakuwa. Bamalli ya tsaya a kansa yana haki.

"Tun ina ka ji ya yi laushi?"

"Tun Maje, Baba."

"Tun Maje! Me ya hana ka tsayawa?"

Yaron ya ce da ƙaramar murya, "Na ji nauyi ne, Baba. Kada a ce na dawo da ita, kamar na raina aikinka. Na ce zan yi manejin ta zuwa Lambata."

Na ɗauka mari zai biyo baya, kuma da ya biyo da ban hana ba, don raina ya ɓaci matuƙa. Amma Bamalli sai ya zauna daɓas a kan yashin, babbar rigarsa ta Juma'a duk ta yi ƙura. Rabi'a ta fito ta ɗaya ƙofar, goshinta ya fashe kaɗan, mayafinta a hannu. Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta.

"Ni na sa tayoyin ban aika maka ba, kai ka ji ka ƙi dawowa," ya ce. "Da yanzu ni da kai muna tabarma ɗaya ana yi mana gaisuwar mutuwarta, kowa yana jin nauyin kowa."

Rabi'a ta zube kusa da shi ta kama hannun rigarsa tana kuka, shi kuma bai janye ba. Ni dai na juya na tafi neman wanda zai ja motar.