Hannun Daman Apolena

A ƙauyenmu na Dlhe Pole, in an haifi namiji sai a miƙa shi ta taga da guntuwar wayar ƙarfe a hannu, a ce masa duniya na jiransa. Maƙwabcinmu Kawu Imrich Holesh kuwa ya karɓi maganar hannu bibbiyu. Shekara da shekaru yana yawon ƙasashe da naɗin waya a kafaɗa, yana ɗaure wa matan mutane fasassun tukwane. Gida sai Kirsimeti: ya ci dankali da kabeji, ya yi barci, ya ƙara gaba. Gona da saniya da yara duk suna wuyan matarsa, Inna Apolena.

Bayan yaƙi aka rufe iyakoki, sana'a ta mutu. Sai gidan tarihi na birni ya nemi tsofaffin masu waya su saƙa mutum-mutumi. Wasu suka yi maroƙa, wasu dodanni. Kawu ya ce shi matarsa zai yi, ya biya ta wahalar da ta sha. Ya kulle kansa a rumbu duk lokacin sanyi, ko leƙe ya hana ta.

Ran Lahadi bayan coci ya fito da aikin. Kai, hannu ya iya! Ga ɗankwalinta, ga ranƙwafawar bayanta, ga hannun dama a miƙe tana watsa wa kaji tsaba. Waya ɗaya ce tun daga kafaɗa har yatsu, madauki cikin madauki, babu liƙi, yadda iyayenmu ke yi.

Ana cikin yabo sai Gwaggo Terka, wadda bakinta ba ya da linzami, ta matso ta ƙura ido.

"Imrich, wannan matar wa ce?"

"Makanta ta kama ki ne, tsohuwa? Apolena ce mana."

"To, ashe yatsu na tsirowa kamar albasa. Barka, Apolena!"

Kowa a ƙauyen nan ya san injin yankan ciyawa ya cinye wa Inna Apolena yatsu biyu na hannun dama tun ɗansu na fari yana goye. An gaya wa Kawu a lokacin, ya ce sannu, ya koma hanya, ya manta. Mutumin da ke tuna tsagar tukunyar wata mata a can birnin Budapest! Wallahi ni da nake kallo ma ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Inna Apolena ta tura hannunta ƙarƙashin zane, ta ce, "Ku bar shi. Haka ya aure ni, da yatsuna biyar cif."

Gara a ce zaginsa ta yi. Kawu ya cire hula, kunnuwansa jajur. Wani ya miƙo almakashi ya ce a datse biyun kawai.

"Ba a datsewa," in ji Kawu. "In ka yanke nan, duk hannun zai zare."

Da kansa ya warware shi har kafaɗa, a gaban jama'a. Sannan ya tsaya gabanta, kai a sunkuye.

"Apolena, ba ni hannun in gani."

Ta daɗe kafin ta zaro shi. Ya riƙe, yana shafa tabon da babban yatsa yadda yake laluben tsagar tukunya.

"Yana ciwo?"

"Da can ya yi," ta ce. "Lokacin ba ka nan."